Komawa Gudu Bayan Rauni: Abin Da Ke Sa Ciwon Dawowa, Da Yadda Za Ka Kauce Wa Fami

Idan ka bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta nufi Tudun Wada bayan sallar asuba, ko ka ratsa gefen Tiga a daidai wannan lokaci, da wuya ka rasa samari suna sassarfa a bakin titi. Wasu 'yan ƙwallo ne, wasu kuma neman lafiya ya fito da su. Amma duk lokacin da aka ce an buɗe ɗaukar sababbin sojoji, 'yan sanda ko sauran jami'an tsaro, sai ka ga adadinsu ya ƙaru a cikin 'yan kwanaki. Ba abin mamaki ba ne. Rundunar sojin ƙasa tana da wurin horo a dajin Falgore, a maƙwabtaka da mutanen Tudun Wada da Doguwa, kuma matasan yankin sun san cewa gudu na cikin abin da ake gwada mai neman wannan aiki da shi.

Abin da ke biyo baya a asibiti ma sananne ne: ciwon ƙwauri, ciwon gwiwa, targaɗen idon sawu da ciwon agara. Kuma sau da yawa ba karon farko ba ne. Mutum ya ji ciwo, ya huta kwana goma, ya koma, ciwon ya dawo ya fi na da. Idan kai ne, ko ɗanka, ko ƙanenka, wannan bayani naka ne. Maimaituwar rauni ba rashin sa'a ba ce, ba kuma alama ce ta cewa jikinka bai dace da gudu ba. Mafi yawanci dalilin ɗaya ne: ka koma a ranar da zafi ya lafa, alhali wurin bai dawo da ƙarfinsa ba.

Lafawar zafi daban, warkewa daban

A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 21 daga wani ƙauye a Kiru. Ƙa'idar ɗaukar kuratan soja ga wanda ba shi da wata sana'a ta musamman ita ce shekara 18 zuwa 22, don haka yana ganin damarsa ta kusa ƙarewa. Bai saba gudu ba, amma jikinsa ya saba da noma. Ya fara da kilomita 3, cikin mako biyu ya kai 8, kullum, a kan kwalta, da takalmin kambas na gwanjo da ya riga ya sha jiki. A mako na uku ƙwaurinsa ya fara ciwo. Ya je kyamis aka haɗa masa magani, zafi ya yi sauƙi, ya ci gaba. A mako na biyar ya fara ɗingishi.

Me ya faru? Sassan jiki ba sa sabawa da aiki a lokaci guda. Zuciya da huhu su ne masu saurin sabo. Cikin 'yan makonni za ka ji haki ya ragu, ka ji kamar za ka iya ninka tazarar. Tsoka tana biye da su. Amma ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara, watanni suke buƙata. Ƙashi ma yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani: idan aka ƙara masa aiki, jiki yakan fara rushe tsohon ɓangaren da ya gaji kafin ya gina sabo. Tsakanin rushewa da ginawa akwai makonnin da ƙashin ya fi rauni fiye da yadda yake tun farko. Wanda ya ci gaba da dukan ƙasa da ƙafa a wannan tsakani, shi ne ke samun ƙaramar tsagewar ƙashi ba tare da ya faɗi ko an buge shi ba.

Wannan ciwo tsohon abokin sojoji ne. Tun a 1855 wani likitan sojan Jamus mai suna Breithaupt ya yi bayanin kumburi da ciwon ƙafa da ke kama sojoji bayan doguwar tafiya, abin da daga baya aka gane tsagewar ƙasusuwan tafin ƙafa ce. Har yau yana cikin manyan dalilan da ke dakatar da kurata daga horo a ƙasashe da dama.

Haka lamarin yake bayan rauni. Zafin targaɗe na iya lafawa cikin mako ɗaya ko biyu, amma jijiyar da ta yage tana ɗaukar makonni shida zuwa wata uku kafin ta yi ƙwari, kuma idon sawun yakan rasa wani ɓangare na iya daidaita kansa a kan ƙasa mai gargada har sai an sake koya masa. Hutun da ka yi ya kwantar da zafi, amma ya kuma rage ƙarfin ƙafar. Wato ka koma da ƙafar da ta fi ta da rauni, ka ɗora mata aikin da ya karya ta tun farko. Shi ya sa binciken masana ke nuna abu ɗaya a kai a kai: babban abin da ke nuna mai gudu zai ji rauni nan gaba shi ne ya taɓa jin rauni a baya.

Abubuwa uku da ke tsananta matsalar a wurinmu

Na farko, maganin kashe zafi. Zafi saƙo ne daga jiki. Idan ka sha diklofenak ko ibufurofen don ka iya fita gudu, ka toshe bakin ɗan saƙon ne kawai, ɓarnar tana nan tana ci gaba. Bayan haka, waɗannan magunguna suna rage jinin da ke isa ƙoda. Idan suka haɗu da gumi mai yawa da ƙarancin ruwa a jiki, musamman a zafin bazara na watannin Maris zuwa Mayu ko lokacin azumi, za su iya yi wa ƙoda mummunan lahani, ban da gyambon ciki da suke jawowa. Tramadol ya fi su haɗari: yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tun daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Allurar da ake yi a cikin agara ko kusa da ita da magungunan rage kumburi na dangin sitiroyid kuwa tana raunana jijiyar, har ta iya tsinkewa.

Akwai kuma wani magani da mutane da yawa ba su san alaƙarsa da ciwon ƙafa ba: wanda aka fi sani da sifro, da ake rubuta ciprofloxacin a jikin kwalinsa, wanda ake yawan sha da sunan maganin taifod. Shi da danginsa suna iya sa kumburi ko tsinkewar agara, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi girma a kan hakan a 2008. Idan kana shan sa, ko ka gama kwanan nan, ka ji ciwo a bayan dunduniya, ka tsayar da gudu ka koma wurin likitan da ya rubuta maka.

Na biyu, ɗori. Ba a musun cewa maɗori shi ne mafi kusa da mafi yawan mutanen karkara, kuma shi aka fi saurin tunawa. Amma ƙashin da ya tsage saboda yawan aiki ba ya buƙatar ja ko murza. Murzawa da ƙarfi, tsaga da gashi da ruwa mai zafi a kwanakin farko na targaɗe suna ƙara kumburi. Ɗaurin kara da ya matse kuwa yana iya tsayar da jini, kuma likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa da yanke gaɓoɓin da wannan ke jawowa. Duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, suka mutu, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance shi nan take a tafi asibiti.

Na uku, nisa. Ƙwararrun da aikinsu ne mayar da mai rauni kan ƙafarsa, wato likitocin fisiyo da na ƙashi, sun fi taruwa a cikin birnin Kano, a wurare irin Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga mutumin Riruwai, a can ƙarshen kudancin jihar, zuwa da dawowa aikin yini guda ne da kuɗin mota mai yawa. Wannan ne ke sa mutane su tsaya a kyamis. To amma ka lura, mafi yawan raunukan gudu ba sa buƙatar zuwa birni kowane mako. Sau da yawa ganin ƙwararre sau ɗaya ko biyu ya isa a tantance ciwon a tsara maka atisaye, sauran aikin a gida za ka yi shi. Kuɗin motar wannan zuwa ɗaya bai kai asarar wata huɗu a zaune ba.

Alamomin da ba a jira da su

Ka fara da babban asibitin da ya fi kusa da kai, ba tare da ɓata lokaci ba, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwo a wuri guda a kan ƙashi wanda za ka iya nunawa da ɗan yatsa, musamman a gaban ƙwauri, a saman ƙafa, ko can cikin matsematsi. Tsagewa a waɗannan wurare ba ta saurin haɗewa, ta wuyan ƙashin cinya kuma tana iya zama cikakkiyar karaya mai buƙatar tiyata.

2. Ciwon da ke damunka ko kana tafiya kawai, ko yana tashe ka da dare.

3. Kasa yin taku huɗu bayan targaɗe.

4. Jin wani abu ya tsinke a bayan dunduniya kamar an jefe ka da dutse, sannan ka kasa ɗagawa a kan yatsu.

5. Gwiwar da ta kumbura nan take, ko take ƙagewa, ko take zamewa.

6. Ciwon tsoka mai tsanani tare da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi bayan gudu mai wahala. Wannan alama ce ta narkewar tsoka, kuma tana iya kashe ƙoda.

7. Ciwon ƙirji, suma, jiri mai tsanani ko ruɗewa yayin gudu.

Ka sani kuma cewa hoton ƙashi na eksire yakan fito lafiya ƙalau a makonni biyu zuwa uku na farkon tsagewa. Idan likita ya ce ka dakata duk da hoton bai nuna komai ba, yana da dalili.

Game da narkewar tsoka, akwai batun jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin AS. Wannan ba cutar sikila ba ce, kuma ba ta hana gudu. Amma wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan baƙaƙen fata kusan 48,000 a rundunar sojin Amurka ya nuna masu AS sun fi sauran fuskantar narkewar tsoka a horo mai tsanani, ko da yake bai nuna sun fi mutuwa ba a inda ake kiyaye ƙa'idojin shan ruwa da zafi. Darasin shi ne ka san rukunin jininka, ka hau mataki a hankali, kuma kada ka yi gudun ƙure ƙarfi kana cikin zazzaɓi, ko ka tashi daga maleriya, ko rana na tsaka.

Yaushe za ka koma?

Kada ka tambayi kalanda, ka tambayi ƙafar. Kafin taku na farko na sassarfa, ka tabbatar za ka iya waɗannan ba tare da ciwo ba, a ranar da kuma washegari:

1. Tafiya da sauri ta minti 30 babu ɗingishi.

2. Tsayuwa a kan ƙafar da ta ji ciwo ita kaɗai na daƙiƙa 30.

3. Ɗagawa a kan yatsun ƙafa ɗaya ka sauko a hankali kamar sau 20, kusan daidai da ɗaya ƙafar.

4. Tsalle a kan ƙafar ita kaɗai kamar sau 10.

Idan an tabbatar maka da tsagewar ƙashi, likita ne zai ba ka izinin fara waɗannan gwaje-gwaje. Mai sauƙi tana ɗaukar kamar makonni shida zuwa takwas, mai wuyar sha'ani kuma watanni.

Idan ka ci gwajin, ka fara da haɗa tafiya da sassarfa. Misali, a makon farko sassarfa minti 1, tafiya minti 4, a maimaita sau shida. Mako na biyu minti 2 da minti 3. Mako na uku minti 3 da minti 2. Haka har ka kai minti 20 zuwa 30 a jere. Ka riƙa tsallake rana ɗaya tsakanin kowace fita, domin a ranar hutun ne ƙashi da jijiya ke gina kansu. Ka fara ƙara tsawon lokaci, daga baya sauri, hawa da gangara kuma su zo a ƙarshe. Mutanen Doguwa, inda ƙasar ke da tuddai da duwatsu, su kula da wannan sosai, domin gangara ta fi hawa dukan gwiwa da ƙwauri. Hanyar burji mai laushi ko filin makaranta sun fi gefen babban titi, ko don haɗarin motoci da duhun asuba ma. Da damina kuma a kiyayi santsi da ramukan da ruwa ya rufe, su ne abokan targaɗe.

Wataƙila ka taɓa jin cewa kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a kowane mako. Shawara ce mai hankali, amma ba laya ba ce. A wani gwaji da aka yi a Holan aka wallafa a 2008, a kan sababbin masu gudu fiye da 500, waɗanda suka bi wannan ƙa'ida da waɗanda ba su bi ba duk kusan ɗaya cikin biyar ne suka ji rauni. Wani bincike na masana daga Denmak da ya fito a 2025, a kan masu gudu fiye da 5,000, ya nuna haɗarin ya fi alaƙa da tsallen rana ɗaya: ranar da mutum ya yi gudun da ya zarce mafi tsawon wanda ya yi a cikin kwana 30 da suka wuce da tazara mai yawa. Wato ranar da abokai suka ce yau sai mun kai gari na gaba, kai kuma iyakarka rabin hanya ce, ita ce ranar da ya kamata ka juyo.

Yadda za ka saurari ciwo ya danganta da inda yake. Ciwon jijiya irin agara ko na gaban gwiwa, idan ɗan kaɗan ne, bai sa ka ɗingishi ba, bai ƙaru yayin gudu ba, kuma ya lafa zuwa safiya, za ka iya ci gaba a matakin da kake. Idan ya kwana ya tashi da kai, ka koma matakin baya na 'yan kwanaki. Ciwon ƙashi kuwa ba a ciniki da shi: da zarar ya dawo, ka tsaya.

Ƙarfafa ƙafa shi ne maganin fami

Yawancin masu gudu sun yarda da miƙe jijiyoyi kafin fita. Ba laifi ba ne, amma nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama a kan 'yan wasa, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna miƙa ba ta rage rauni yadda ake zato, atisayen ƙarfafa tsoka ne ke ragewa sosai. Ba ka buƙatar gidan motsa jiki. Dakalin ƙofar gida ya isa ɗagawa da saukowa a kan yatsu, turmi ko benci ya isa zama da tashi a kan ƙafa ɗaya, jarkar ruwa ko jakar da aka zuba wa yashi ta isa ƙarin nauyi. Sau biyu ko uku a mako. A 1998 wani likita a Suwidin, Alfredson, ya nuna yadda sauke dunduniya a hankali daga bakin matakala kullum na tsawon makonni 12 ya mayar da masu daɗaɗɗen ciwon agara kan gudu. Ka lura da adadin: makonni 12, ba kwana 12 ba.

Abinci da barci ma magani ne. Saurayin da ya yi gudun asuba, ya wuni a gona ko a kan babur, ya kwana da abinci sau ɗaya, ƙashinsa ba shi da abin gini. Aikin gona da ɗaukar kaya su ma nauyi ne a kan ƙafa, a lissafa da su, musamman da damina da kaka. Wake, gyaɗa, waken suya, ƙwai, nono da kifi irin na Tiga duk suna taimakawa. 'Yan mata masu gudu kuma su kula: ɗaukewar al'ada na watanni ba tare da juna biyu ba alama ce ta cewa abincin bai kai aikin ba, kuma tana raunana ƙashi. A ga likita.

Idan kai magidanci ne da aka shawarta da motsa jiki saboda hawan jini, ciwon suga ko ƙiba, kuma gwiwa ta sha mayar da kai gida, ka tuna ba dole sai gudu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma tafiya da sauri ko tuƙa keke suna cikin lissafi.

Idan ranar tantancewa ta matso fa?

Nan ne shawarar ta fi ɗaci. Idan saura mako uku kuma ƙwaurinka na ciwo a wuri guda, babu ƙwaya ko allurar da za ta haɗa ƙashi cikin wannan lokaci. Ko da magani ya tsallakar da kai ranar, horon watanni a makarantar kurata ta Zariya yana jiranka, kuma ya fi gudun tantancewa nauyi nesa ba kusa ba. Ka je a duba ka, ka ji gaskiyar halin da ƙafar ke ciki, sannan ka yanke shawara. Iyaye da yayye, a nan rawarku take: yaron da ya dakata saboda ciwo ba raggo ba ne, gorin da za a yi masa shi ne zai tura shi kyamis. Mai niyyar shiga a karo na gaba kuma ya fara shiri wata huɗu zuwa shida kafin lokaci, ba ranar da aka buɗe cike takarda ba.

Ko manyan 'yan gudun duniya ba su da hanyar yanke. Kenenisa Bekele na Habasha ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2004 da ta 2008, sannan raunin sha-raɓa da na agara suka addabe shi shekaru, har ya sha ficewa daga tsere bai ƙarasa ba. A 2019 ya dawo ya ci gudun fanfalaki na Berlin cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 41, daƙiƙa biyu kacal tsakaninsa da tarihin duniya na lokacin. Yana da likitoci da masu horarwa, amma duk da haka shekaru ya ɗauka.

Akwai aikin da ya rage wa hukumomi. Ya kamata manyan asibitocin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su riƙa samun likitan fisiyo ko da na ziyara ne a ranaku sanannu, a kuma koya wa malaman motsa jiki na makarantu da masu horar da ƙungiyoyin ƙwallo alamomin haɗari da aka lissafa a sama, tunda su ne ke fara ganin yaron yana ɗingishi. Kafin hakan ta samu, abin da ke hannunka shi ne ka daina auna warkewa da lafawar zafi. Ka yi gwaje-gwajen nan huɗu gobe da safe, ba tare da ka sha komai ba. Idan ƙafar ta amsa, ka fara da minti ɗaya. Idan ba ta amsa ba, ka ba ta haƙƙinta. Sauri, in ji Hausawa, shi ya haifi nawa.